Ƙarar Nokia da Cinikin Kewa

Duk wanda ya riƙe waya a farkon shigowar GSM Najeriya a 2001, in ya ji ƙarar nan ta Nokia yau, kafin sunan kamfanin ya faɗo masa zai tuna zamanin da sayen layi sai mai hali, da masu lema a bakin titi suna sayar da kira minti-minti, da yi wa mutum filashin a zauna jiran ya kira. Allon talla kana iya kawar da kai daga gare shi, amma sauti ba ya sallama, kafin ka ankara ya shige. Kiɗan ma ba Nokia ta ƙirƙira ba. Ɗan guntu ne daga Gran Vals, wanda makaɗin jita ɗan Sifen, Francisco Tárrega, ya tsara a 1902. Kamfanin na Finland ya ɗauko shi a shekarun 1990, ya yi ta nanatawa har ya zama tambarinsa. To da HMD Global, mai lasisin wayoyin Nokia a lokacin, ta dawo da wayar Nokia 3310 a 2017, me ta kawo kasuwa? Ba dai fasaha ba, don wayar 2G ce ana tsakiyar zamanin WhatsApp. Ƙarar ta tallata, da wasan macijin nan, ga magidanta masu kewar ƙuruciya. Ban ga laifin dabarar ba, sai dai ina shakkar nisan zangonta. Kewa takan kai mutum shago, amma ba ta hana shi jefa wayar a durowa bayan sati biyu. Yaron da ya buɗi ido ya tarar Android ta cika kasuwar Farm Centre ta Kano kuwa, in ya ji ƙarar, iyakarsa ya tambaya wayar wa ake kira.