SHARHI: Dazuzzukan Bauchi a Idon 'Yan Jarida da Idon Talaka

Duk wanda ke sauraren gidajen rediyo na Bauchi, ko yake karanta jaridun ƙasar nan, ya san cewa da wuya a ambaci daji sai a lokuta uku: in ana tallar Yankari ga masu yawon buɗe ido, in 'yan bindiga sun ɓuya a dajin Lame-Burra da ke tsakanin Toro da Ningi, ko kuwa in damina ta faɗi manyan gwamnati sun fito bikin dashen itatuwa. Bayan an naɗe tabarmar biki, shi ke nan sai baɗi.

Babu mai musun darajar Yankari. Tun 1956 aka keɓe shi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, ya zama gandun dajin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi shi a 2006. Amma giwaye da ruwan ɗumi na Wikki ba su ne abin da manomin Alkaleri ke gani ba in ya dubi daji. Shi abin da yake gani ɗorawa ce da matarsa ke yin daddawa da ita, da kaɗanya mai ba da man kaɗe, da tsamiya da kuka, da kuma ƙirya wadda gawayinta ke da tsada saboda daɗewar wutarsa. A wurinsa daji jari ne, kuma wannan lissafi ne kafofin watsa labarai suka fi yin sakaci da shi.

Sakacin yana da illa. Ana nuna mai yin gawayi tamkar ɓarawo, alhali ba a cika tambayar wanda ke sayen buhunan da ake jibgewa a bakin hanyar Jos da ta Kano ba. Magidantan cikin garin Bauchi ne da masu sayar da abinci, waɗanda tsadar kananzir da iskar gas ta koro, musamman bayan janye tallafin man fetur a 2023. Dokar hana sare itace ba za ta dafa wa kowa tuwo ba.

Haka kuma ba a faɗa wa jama'a cewa darbejiya da turare da ake rabawa a bikin dashe ba za su maye gurbin itatuwan asali ba. Kaɗanya kan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ga shi ana ƙona ta a yini ɗaya domin buhu kaɗan na gawayi. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe zuwa ƙetare na wata shida, domin a riƙa sarrafa shi a gida. Ɗan kasuwar da ya zuba kuɗinsa a injin matsar man kaɗe yana da hakkin sanin ko itacen zai kai shekarun biyan bashinsa.

Darasin maɗobiya bai yi nisa ba. An yi ta jigilar gungumenta zuwa ƙasar Sin, har hukumar yarjejeniyar CITES ta dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018, bayan dazuzzukan Taraba maƙwabciya sun riga sun yi sanƙo.

Ya kamata gidajen rediyo su riƙa sanar da farashin gawayi, kalwa da kaɗe a kasuwar Muda Lawal kamar yadda ake sanar da na masara, su kuma gayyato sarakunan daji da mata masu tsintar kaɗe su yi bayani da bakinsu.