'Yancin Ƙananan Hukumomi: Kada a Mai da Mu Shekarar 1991

'Yan uwa malamai, tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ake ta yi mana albishir daga Bodinga har Shagari, wai kakarmu ta yanke saƙa. Mu dai ba mu yi guɗa ba tukuna.

Ba kare asusun haɗaka muke yi ba. Duk wanda ya koyar a ajin da iskar farkon damina ta yaye wa rufi, a Danchadi ne ko a Kajiji, ya san cewa kuɗin da ake kira na ƙaramar hukuma sukan yi nauyin ƙafa kafin su iso ƙauye. Gyaran da aka yi wa tsarin mulkin ƙananan hukumomi a 1976 an yi shi ne don talaka ya ga gwamnati a ƙofar gidansa, kuma har gobe muna kan wannan.

Sai dai masu neman mu tafa sun manta da 1991. A shekarar ne gwamnatin Babangida ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa, ta ɗora albashin malamai a wuyan ƙananan hukumomi. Da yawanmu muna 'yan aji uku ko huɗu a lokacin. Mun ga malamanmu suna shafe watanni babu ko sisi, wasu suka koma gona, wasu kasuwa, mu kuwa muka koma wasan langa a filin makaranta. Sai a 1993 aka dawo da hukumar, bayan ɓarna ta riga ta auku. Shugaban ƙaramar hukuma yana da kansiloli da 'yan kwangila da magoya baya a bakin ofishinsa kullum safiya. Malamin ƙauye yana can cikin aji, babu mai jin muryarsa.

Abin kunya ne a ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa a Sifawa, ƙasar da ta fitar da malamin makaranta, Alhaji Shehu Shagari, ya zama shugaban ƙasa a 1979, a ce haƙƙin malami sai an yi roƙo.

Buƙatarmu ɗaya ce: a cire albashin malaman firamare tun daga tushe, a miƙa shi ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, sannan a ba ciyamomi saura su gina azuzuwa da rijiyoyi. Kowane wakilin makaranta ya zo taron reshe na gaba da sa hannun abokan aikinsa a kan wannan.