Ƙera Wasa Ba Wasa Ba Ne

A zangon da ya wuce an same ni a ɗakin kwamfuta ina tura ɗan keke bisa allo, aka ce wasa nake yi, aka ba ni yankan ciyawa na kwana biyu. Na yanka, ban yi gardama ba. Amma ina so in yi bayani a nan, domin wasan nan ni na ƙera shi da hannuna, kuma a ganina mai buga wasa daban, mai ƙera shi daban.

Da manhajar Scratch na yi aikin. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fito da ita a 2007 saboda yara. Kyauta ce, kuma tana aiki ko babu intanet. Umurni ake jerawa ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda magini ke jera bulo. Wasan nawa mai sauƙi ne: daga gefe ake ganin keken kamar zane a littafi, yana tafiya gaba, yana tsalle, shi ke nan. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da irinsa tun 1984, mai suna Excitebike, sai dai nasu babur ne.

Hanyar da na zana daga Gusau take tashi, ta bi ta gindin dutsen Kwatarkwashi, ta ƙare a Tsafe, garinmu. Mahaifina ya sha ba ni labarin yadda yake bin ta a kan kekensa yana saurayi. Ni kuwa ban taɓa yi ba, ba kuma za a bar ni ba, saboda 'yan fashin daji. A allo kaɗai nake hawanta.

Ku duba abin da na koya. Faɗin filin Scratch 480 ne, tsayinsa 360, tsakiya kuwa sifiri. Malamin lissafi ya daɗe yana fama da mu a kan x da y, ban gane ba sai ranar da kekena ya nutse cikin ƙasa don na sa alamar ragi inda bai dace ba. Tsalle ya fi ba ni wuya. In keken ya tashi sai ya yi ta lulawa sama kamar shirwa, ba ya dawowa. Sati guda ina tunani kafin na tuna darasin kimiyya: dole in riƙa rage saurin tashin kaɗan-kaɗan har ya koma faɗuwa. Abin dariya kuma, keken ba ya gusawa gaba ko taku ɗaya. Ƙasa da duwatsu ne ke gudu baya, kamar itatuwa in kana cikin mota zuwa Bungudu.

Masu cewa wasa yana cinye lokaci ba su yi ƙarya ba. Ina da ɗan'uwa da yake kwana a kan waya duk hutu. To amma rufe ɗaki da kwaɗo ba shi ne magani ba. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, ga shi a ajinmu akwai waɗanda hannunsu ke rawa in sun taɓa ta.

Saboda haka ina roƙon shugaban makaranta, Allah ya ƙara masa girma, a ba mu awa biyu ranar Asabar bayan duba ɗakuna, in akwai wuta, da malami ɗaya a kanmu. Wanda aka kama yana buga wasan da ba shi ya ƙera ba, a miƙa masa lauje. Mai shakka kuwa ya zo ya hau kekena. Har yanzu ba wanda ya tsallake ramin da na haƙa a gaban Kwatarkwashi, har da ni.