Rim 20 da “ƙara wa inji wuta”: abin da bidiyon TikTok ba ya nuna maka

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram ba sai an ba ka labari ba. Mota ta tsuguna kamar za ta lashi kwalta, rim na walƙiya, salansa na tartsatsi kamar ana fasa knockout ranar sallah, ga waƙa an ɗora a kai, ga dubban mutane a ƙasa suna ta “wuta! wuta!”. Daƙiƙa goma sha biyar ce kacal, amma ta isa ta sa wanda ke da tsohuwar C300 ko Lexus IS250 ya soma yi wa tasa kallon raini. Shi kuwa wanda ko keke ba shi da shi, ya riga ya yanke irin rim ɗin da zai sa ranar da Allah ya hore masa.

Da a ce shekaru biyar baya ne, sai a ce kowa da kuɗinsa. Amma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin da ya biyo baya, lissafin mota ya canja. Tokumbo ta yi tsada, kayan gyaranta sun bi ta, domin da dala ake shigo da su. A da idan inji ya buga, mutum zai shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo ya ɗauko wani. Yanzu bugawar inji na iya sa mota ta kwana wata shida a ƙarƙashin bishiyar gareji, yara na rubuta sunayensu a kan ƙurarta. Shi ya sa nake ganin wannan yayi ya cancanci a zauna a yi masa lissafi.

Mu fara da rim, tunda shi ido ke fara gani. Duba jikin tayarka, za ka ga rubutu kamar 225/45 R17. Lamba ta farko faɗin tayar ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne, wato kashi 45 cikin ɗari na wancan faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim ɗin a inci. Ke nan akwai roba da iska wajen santimita 10 tsakanin ƙarfen rim da ƙasa. Idan ka koma inci 20, dole gefen tayar ya ragu don ta samu shiga mazauninta. Ka sa 225/30 R20, abin da ya rage maka bai kai santimita 7 ba. Wannan ɗan gefen shi ne katifar da ke shanye dukan rami kafin ya kai ga ƙarfe. A titin Dubai ba wanda zai ji bambanci. A layinku bayan damina kuwa, rami ɗaya da daddare ya isa ya lanƙwasa rim ko ya tsaga shi, taya ta yi ƙulu a gefe, abin da ya rage na dukan kuma ya wuce kan shokozoba da sauran ƙafar motar.

Sannan rim suna suka tara. Akwai wanda ake narka ƙarfen a zuba a mazubi, akwai wanda ake matse dunƙulen alminiyom da ƙarfin gaske har ya ɗauki siffa. Na biyun ya fi ƙwari, ya fi rashin nauyi, kuma shi ne na motocin tsere, kuɗinsa ma ba na wasa ba ne. Yawancin masu arahar da ke cika kasuwa kwaikwayon zanen manyan kamfanoni ne irin su BBS, an zuba su a mazubi, sun yi kyau a hoto, amma nauyinsu ya fi na rim ɗin da motar ta zo da shi. Ka ga abin dariyar: mutum ya sayi rim don motarsa ta yi kama da ta tsere, ya ƙare da motar da ta fi nauyin ƙafa, ta fi jinkirin tashi, ta fi shan mai, birki kuma ya ƙara wahala. A Japan akwai tambarin JWL da VIA da ke nuna an gwada ƙarfin rim, a Jamus kuma sai da takardar amincewa ake hawa titi da shi, amma tambari abu ne da mai kwaikwayo ma ya iya bugawa.

Akwai kuma maganar ramukan noti, wadda ba a cika yi ba. Marsandi 5x112 take amfani da shi, tsofaffin BMW 5x120, Toyota da Lexus galibi 5x114.3. Tsakanin 112 da 114.3 bambancin ɗan kaɗan ne, har wani zai ce maka “oga zai shiga, sai dai a ɗan matsa”. Zai shiga ɗin, amma notin a karkace zai zauna. Kar ka yarda, ko da kyauta aka ba ka.

To inji fa? Abin da ake kira ƙara wa mota wuta yawanci taɓa kwamfutar injin ne, wadda bakanike ke ce wa biren bos. Ita ke yanke yawan fetur da za a fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, da yawan iskar da turbo zai tura. Kamfani kan bar rata da gangan, saboda ya san motarsa za ta je ƙasa mai zafi, za ta sha mai mara kyau, za ta faɗa hannun wanda ba ya juye baƙin mai kan lokaci. Mai sauya manhajar wannan ratar yake cinyewa ya mayar da ita gudu. Gudun gaskiya ne, ba ƙarya ba. Tambayar ita ce ko kai kana da halin rayuwa babu ratar.

Ga dalilin da ya sa na ce haka. Galibin manhajojin da ake saukewa daga intanet an rubuta su ne don fetur mai lamba 93 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi daidai da kusan 98 a ma'aunin da muke amfani da shi. Fetur ɗin gidajen manmu ma'auninsa 91 ne. Idan aka matsa wa inji da man da bai kai ba, fetur ɗin kan fashe da kansa a cikin silinda ba a kan tsari ba, ya riƙa dukan fistin kamar guduma. Haɗa wannan da zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato, inda ake haura digiri 40, da cunkoso, da lagireton da aka shekara ana zuba wa ruwan rijiya. Ba a manta ba kuma da Fabrairun 2022, lokacin da fetur mai yawan methanol ya shigo ƙasar nan har NNPC ta fito ta tabbatar, motoci suka yi ta mutuwa a hanya ba tare da an taɓa musu komai ba.

Wani abin takaicin, motocin da suka fi yawa a hannun matasanmu, irin su IS250 da ES350 da tsohuwar C300 mai V6, ba su da turbo. Inji mara turbo ɗan abin da sauya manhaja ke ƙara masa bai taka kara ya karya ba. Ƙara kawai ake sayar maka. Tartsatsin nan na salansa ma fetur ne ake bari ya ƙone a cikin bututu maimakon cikin inji, wato kana ƙona mai mai tsada don mutanen unguwa su tsine maka. Haka cire “indomi”, matatar hayaƙin nan da ke cikin salansa: sai wari, sai fitilar inji ta kama ta ƙi mutuwa. A Amurka ma da ake kwaikwayo an fara matsawa. A Satumbar 2024 kamfanin COBB Tuning ya amince ya biya tarar kusan dala miliyan 2.9 kan na'urorin da ke kashe tsarin tace hayaƙi.

Na san abin da za ka ce: Supra fa? Gaskiya ne, Toyota Supra ta 1993 zuwa 2002 ta fito da ƙarfin doki 320 a kasuwar Amurka, kuma akwai waɗanda suka kai ta 1000. Amma injinta, 2JZ, gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce mai kauri, kuma masu kai ta can suna canja turbo da famfon mai da kuloci da na'urar sanyaya iska, su ɗora ta a kan injin gwaji ana auna komai. Kuɗin da suke kashewa zai sayi wata motar. Ita kuwa BMW 335i mai injin N54, wadda masu wannan harka ke so saboda saurin karɓar ƙari, ko ba a taɓa ta ba sai da kamfanin ya janye motoci kusan 130,000 a Amurka a 2010 saboda famfon mai. Wadda za ta iso hannunka ta riga ta yi shekara goma sha wani abu, ba ka san hannu nawa ta bi ba.

Ni dai a nawa ganin, idan kwalliya kake so, ƙara inci ɗaya kan abin da motar ta zo da shi ya wadatar, kuma gara rim na asali da aka ciro daga wata motar irin taka da sabon kwaikwayo mai sheƙi. Ragowar kuɗin a ba taya da birki da lagireto. Ba sa fitowa a bidiyo, na sani.

Tayar ma ba a zanenta kawai ake duba ta ba. Paul Walker na fina-finan Fast and Furious, wanda Suprar da ya tuƙa a fim ɗin farko aka yi gwanjonta kan dala 550,000 a 2021, ya rasu ranar 30 ga Nuwamban 2013 a California, yana zaune a gefen direba cikin Porsche Carrera GT. Masu bincike sun ɗora laifin kan gudu, sun kuma gano tayoyin motar sun kai shekara tara. Roba na bushewa ko ba a hau ta ba. A gefen kowace taya, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2318, an yi ta ne a mako na 23 na 2018, komai baƙin da mai tayar ya shafa mata kafin ka iso.