Lifidin Ɗan Acaɓa: Me Ya Kamata Mahayin Babur Ya Sa a Jikinsa?

Duk wanda ya san Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, ya san babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke kai ɗalibi Gidan Waya, shi ke fito da buhun citta daga ƙauyukan Kwoi da Kachia zuwa bakin titi, shi ne kuma ke ɗauko mai naƙuda da tsakar dare daga inda mota ba ta shiga. To amma mai karatu ya dubi mahayin da kyau. A ƙafarsa silifa ce, wandonsa na yadi ne, a jikinsa kuwa wata ƙatuwar jaket ce ta gwanjo wadda ya saya domin hunturun da ke saukowa daga duwatsun Kagoro. Wato dai ya yi wa sanyi tanadi, ya yi wa ƙura tanadi, amma bai yi wa kwalta tanadi ba. Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, faɗuwa ce ya kamata ta zaɓa wa mai babur tufafinsa, sauran dalilai su biyo baya.

Bari mu fara da harshe, tunda shi ne fagenmu. Kalmar "leda" da muke amfani da ita an aro ta ne daga kalmar Ingilishi mai nufin fata, amma da ta shigo Hausa sai ta koma sunan robar da ake ƙulla sikari da gyaɗa. Wannan sauyin ma'ana ya yi daidai da abin da ke faruwa a kasuwa. Yawancin abin da ake sayar wa samari da sunan jaket ɗin leda, roba ce aka shafa a kan ƙyalle, tana ƙyalli kamar fata. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 ne a kowace daƙiƙa. Idan mutum ya faɗi a irin wannan gudu, titi zai yi ta gurzar sa har sai ya tsaya, kuma gurzar tana haifar da zafi. Yadi ya kece nan take, roba kuwa ta narke ta manne a cikin rauni, ta ƙara wa ma'aikatan asibiti aiki. Fata ta gaskiya ita ce ke jure gurza, ta ci kwaltar a madadin fatar mai ita.

Masu tseren babur a Turai sun daɗe da gane haka. Tun farkon shekarun 1950 wani gwanin tsere ɗan Ingila, Geoff Duke, ya sa aka ɗinka masa riga da wando na fata a haɗe, wasu kuma suka kwaikwaya har abin ya zama ƙa'ida. Kayan da ake sawa a gasar MotoGP, akan yi su da ƙirgin shanu mai kaurin milimita ɗaya da ɗoriya, ko da fatar dabbar nan ta Ostireliya, kangaru, wadda ta fi rashin nauyi. Ana cusa matasai masu tauri a kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da gadon baya, domin fata gurza take karewa, ba ta hana ƙashi karyewa. Daga shekarar 2018 ma an wajabta musu sa wata jakar iska a cikin rigar, wadda ke kumbura kafin mahayi ya kai ƙasa. Ga masu hawan yau da kullum kuma, Turai ta fito da ma'auni a shekarar 2020 wanda ya kasa tufafin babur aji-aji. Wanda aka rubuta wa AAA shi ya fi ƙarfi, sai AA, sai A mai sauƙin nauyi domin zirga-zirgar cikin gari. Ana samun wannan shaida a jikin ƙyallen da ke cikin rigar, tare da hoton mutum a kan babur. Mai duba gwanjo da ya san wannan alama yana iya tsintar dami a kala.

Kada a ce ina nufin ɗan acaɓan Kafanchan ya shiga cikin irin wancan kaya. Ɗan tsere yakan yi kamar minti arba'in ne a fili, ya sauka a taimaka masa ya tuɓe. Namu kuwa tun asuba yake kan babur har bayan isha'i, yana tsayawa yana tashi, yana sauka ya yi salla ko ya kama wa fasinja kaya. A zafin watan Maris, mutumin da aka ƙunshe cikin ƙirgi daga wuya har idon sawu, jiri ne zai kayar da shi kafin ramin titi ya kayar da shi. Ga kuma damina, wadda a kudancin Kaduna takan kama tun daga Afrilu har Oktoba. Fata idan ta sha ruwa nauyi take yi, idan kuma aka shanya ta a rana ko a bakin wuta sai ta ƙandare ta tsattsage. Kuɗinta ma wani zance ne, domin cikakken kayan tsere na kamfanonin Italiya irin su Dainese da Alpinestars yana iya fin kuɗin sabon Boxer. Abin da za mu ɗauka daga wurinsu shi ne sanin inda jiki ke fara taɓa ƙasa.

Kai shi ne farko, kuma a nan babu jayayya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 70. Duk da haka, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular a ranar 1 ga Janairu, 2009, sai ga wasu mahaya sun kifa ƙwarya da tukunya a ka domin su wuce jami'ai. An yi dariya, labarin ya kai har ƙasashen waje, amma darasin da ke ciki shi ne an ɗauki hular a matsayin harajin gwamnati. Har yau za ka ga mai hular da bai ɗaure igiyarta a haɓa ba, alhali ita ce za ta fara tashi ta bar shi.

Bayan kai sai tafin hannu, domin duk wanda zai faɗi hannu yake fara kaiwa. Safar hannu ta fata mai ninki biyu a tafi, mai maɗauri a wuyan hannu, ba ta kai kuɗin jinyar yini guda ba. Sai takalmi sau-ciki wanda ya rufe idon sawu. Tabon salansa da ke ƙaurin mata da yara a garuruwanmu ya isa shaida a kan abin da babur ke yi wa ƙafar da ba ta da kariya, tun ma ba a faɗi ba. Riga kuwa, a duba abu uku. Ɗinkinta ya zama biyu a kafaɗa da hannu, domin ta ɗinki riga ke fara buɗewa. Ta zama tana da matasai a gaɓoɓi. Sannan ta kama jiki, domin riga mai burun-burun takan naɗe ta koma wuya, matashin ya goce daga gwiwar da aka sa shi ya kare. Mai saye ya sa ta, ya hau babur ya miƙa hannu ya kama kan, ya ga ko bayansa ya buɗe. A yanayinmu, fata mai ƙananan huji ko yadi mai ƙarfi da aka yi wa facin fata a gaɓoɓi ya fi dacewa da fata zalla.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu ne masu fatar. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka yi ƙarnuka suna kira fatar Maroko, saboda ta can ta biyo kafin ta isa gare su. Majemar Kano har yanzu suna aika fatu Italiya. Muna da dukawa a Kano da Zariya da Naraguta ta Jos, wadda ba ta da nisa da Kafanchan, muna kuma da cibiyar nazarin fata a Samaru wadda tushenta ya faro tun 1964. Garin Sialkot na Pakistan ya yi suna wajen ɗinka wa Turai kayan babur, mu kuwa ƙirgin shanun da ake buƙata babbake shi muke yi mu cinye a ganda. Me zai hana ƙungiyar 'yan acaɓa ta Kafanchan ko ta Zonkwa ta tara oda, ta kai wa dukawa samfurin safar hannu da facin gwiwa su kwaikwaya? Fatar akuya ma ita ce aka fi so wajen safar hannu, saboda laushinta da ƙarfinta.

Mu ɗaliban harshe kuma akwai namu aikin. Abin da ba shi da suna yana da wuyar talla, yana da wuyar nema a kasuwa. Kakanninmu da suka hau doki zuwa fagen daga suna da kwalkwali a ka, da sulke a ƙirji, da lifidi, wato rigar da aka cusa wa auduga aka ɗinke domin ta tare sara da kibiya. Hular kwano ta riga ta zauna a bakin jama'a, a bar ta. Amma rigar mai matasai, ni ina ganin "lifidin babur" ya fi "jaket ɗin leda" faɗin aikinta, domin wanda duk ya taɓa kallon 'yan lifida a hawan salla ya san ba don sanyi suka sa shi ba. Masu shirye-shiryen Hausa a gidajen rediyon Kaduna su gwada kalmar, mu ji ko 'yan acaɓa za su karɓe ta ko kuwa za su raɗa mata nasu sunan.