SAUTIN WAJE: Shekarar da Turawa suka tsinci dami a kala a Kano da Agadas

Turawa suna da wata al'ada. Da zarar watan Disamba ya kama, sai ka ga jaridu da mujallun kiɗa na Amurka da Ingila kowa ya fito da jerin faya-fayan da suka fi burge shi a shekarar. A cikinsu akwai wasu 'yan ƙwaƙƙwafi waɗanda ba ruwansu da manyan taurari irin su Beyonce. Su dai a ba su kiɗan jita mai amo, ko na gargajiya, ko wanda wani ƙaramin kamfani mai cin gashin kansa ya buga kwafi kaɗan. Idan suka tono wani mawaƙi da ba a sani ba, murnarsu ta fi ta wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

To, a shekarar 2013 irin waɗannan mutane sun tsinci dami a kala, kuma a ƙofar gidan Bahaushe suka tsince shi. Faya-fayai biyar ne suka fito a wannan shekara, ɗaya daga Kano, huɗu daga Jamhuriyar Nijar. Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin masu kallon finafinan Hausa ba su taɓa jin labarin ko ɗaya ba, har da na Kanon.

Na Kanon sunan sa Harafin So. Wani Ba'amurke ne mai suna Christopher Kirkley, mutumin birnin Portland, mai ƙaramin kamfanin nan Sahel Sounds, ya tako har Kano, ya shiga situdiyo-situdiyo yana sauraren waƙoƙin fim, ya zaɓi waɗanda suka kwanta masa. Ya haɗa gwiwa da wani kamfanin mai suna Little Axe suka buga su a faifan garmaho. I, garmaho dai, baƙin faifan nan mai faɗin tire wanda ake ɗora wa allura, irin wanda kakanni suka ji Shata a kai. A bangon faifan an rubuta da Turanci cewa waƙoƙin fim ne na Hausawan Nijeriya masu ɗauke da salon Indiya. A ciki akwai muryar Fati Nijar da waƙarta Girma-Girma, akwai Abubakar Sani, akwai Ƙaramin Lilisco. Wato dai waƙoƙin da 'yan acaɓa da masu shayi suka riga suka gaji da ji, su ne wani Bature a can ya sa kuɗinsa ya saya, ya killace a kanta kamar zinari.

Me ya burge su? Nan ne abin dariyar yake. Duk abin da ake yi wa waƙoƙin fim gori a kai a gida, shi ne ya tafi da hankalinsu. Sautin fiyanon Yamaha da ake cewa ba kiɗa ba ne tunda ba kalangu ba garaya. Na'urar nan ta Auto-Tune mai lanƙwasa murya har ta koma kamar sarewa. Sai kuma yadda namiji zai ba da baiti mace ta karɓe, su yi ta musayar zance har waƙa ta ƙare. A Kano sunan wannan abu nanaye, kuma ba don yabo ake faɗar sunan ba. Malamai sun yi wa'azi a kai, 'yan boko sun ce wankin Indiya ne kawai. Duk wanda ya yi wayo a 2007 yana sane da yadda aka yi wa harkar dirar mikiya bayan da Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. A shekarar ce aka yanke wa Adam A. Zango ɗaurin wata uku a kan faifan waƙoƙinsa na Bahaushiya, 'yan fim da dama suka tattara nasu ya nasu suka koma Kaduna. Shekara shida kacal bayan haka, ga irin wannan kiɗa a shagunan faifai na Amurka.

Gaskiyar magana, Harafin So shan ruwan tsuntsaye ya yi wa harkar. Faifan garmaho ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti arba'in da 'yan kai, saboda haka duk ɗan Kano da ya duba jerin waƙoƙin sai ya ce, "Af! Ina waƙa kaza? Ina wance?" Kuma kunnen baƙo ne ya yi zaɓen, wanda sauti yake bi, ba ma'anar baiti ba. Amma ya yi abu ɗaya da ya kamata 'yan masana'antar su ji kunya a kai: kowace waƙa an rubuta sunan wanda ya rera ta. A fim kuwa jarumi da jaruma ne ke motsa baki su kwashe farin jinin, mai muryar yana can a ɗakin situdiyo, an sallame shi tun ranar da ya yi aikin.

Faifai na biyu, Afelan, na wani Ba'abzine ne ɗan jihar Tawa, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Labarinsa ya fi na kowa kusa da 'yan fim. Yaro ne da ya taso a gidan da ba a son kiɗa, sai ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke. Ga shi bahago. Da ya tashi yin faifansa na farko, Anar, a 2008, bai nufi Yamai ba, sai ya tsallako Sakkwato. A can aka ɗauki waƙoƙinsa na harshen Tamashek, aka zuba masu gangar kwamfuta da lanƙwasa murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa sak. Ba a taɓa jin kiɗan Abzinawa a cikin irin wannan riga ba.

Faifan bai shiga kasuwa yadda aka saba ba. Ta memori da bulutut ya bi, daga wannan waya zuwa waccan, har ya ƙetara hamada ya isa arewacin Mali. A can ne shi wannan Kirkley ɗin ya ci karo da wata waƙa a ciki mai suna Tahoultine, a wayoyin samari, babu cikakken sunan mai ita balle adireshi. Ya saka ta a wani faifai da ya fitar a 2011 na waƙoƙin da ya tsinto a wayoyin mutanen Sahara, kuma ya sha wahalar cigiya kafin ya samu lambar mai waƙar. Mdou ya sha ba da labarin cewa ranar da Baturen ya kira shi, ya ɗauka wani ɗan'uwansa ne ke tsokanar sa, sai ya kashe wayar! Daga baya Kirkley ya zo Nijar da kansa, ya kawo masa jita ta bahagwai, aka ɗauki Afelan a garin Cintabaraden. Rabin faifan sanyi ne, jita ce ta katako da tafi da muryoyin abokai, kamar hira a tsakar gida bayan isha'i. Ɗaya rabin kuwa wutar lantarki ce zalla, irin kiɗan da yake yi a gidan biki, lasifika har tana kuka. Mai son sauti tas-tas ba zai ji daɗinsa ba. Mai son ya ji yadda bikin Abzinawa yake da gaske, to ga shi nan.

Daga nan kuma sai fim. A 2015 Kirkley ya ba da umarni, Mdou ya fito a jarumi, a wani fim da aka ɗauka a Agadas mai dogon suna: Akounak Tedalat Taha Tazoughai. Ma'anarsa ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja-ja a ciki. Dalilin wannan kewaye-kewaye shi ne wankin Purple Rain ne, fim ɗin mawaƙi Prince na 1984, kuma an ce Tamashek ba shi da kalma guda ta launin shunayya. Labarin kuwa kamar a Kano aka rubuta shi. Saurayi makaɗi ya zo gari a kan babur, uba mai tsananin addini ya ƙone masa jita, ga budurwa, ga abokin hamayya da ya sace masa waƙa ta hanyar waya, a ƙarshe a haɗu a gasa. Ana kiran sa fim ɗin labari na farko da aka yi da harshen Abzinawa, kuma ya zaga bukukuwan finafinai a Turai da Amurka. Ashe wankiya ba laifi ba ce idan an faɗi inda aka wanko, an kuma wanke da kyau.

Yaron da ya shiga situdiyon Sakkwato a 2008 shi ne babban kamfanin nan Matador na Amurka ya fitar wa Afrique Victime a 2021, da Funeral for Justice a 2024, inda ya yi wa Faransa wankin babban bargo a kan abin da ta yi wa ƙasarsa. Yau idan ana lissafin gwanayen jita na duniya, da shi ake yi.

Na uku shi ne Nomad na Bombino, wanda ake kuma kira Omara Moctar, ɗan yankin Agadas. Kada sunan Moctar ya ruɗi mai karatu, mutum biyu ne daban. Shi ma 2007 ba ta zo masa da daɗi ba. Da tawayen Abzinawa ya sake ɓarkewa, hukuma ta ɗauki jita a matsayin kayan 'yan tawaye, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi kuma ya gudu Burkina Faso, sai a 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas. Nomad a birnin Nashville aka ɗauke shi, kuma Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ne furodusan, mutumin da ya ci kambun Grammy na gwarzon furodusa a wannan shekarar. Faifan ya hau saman jerin Billboard na kiɗan duniya. Shi ne ya fi sauran huɗun gogewa, ko da yake hannun Ba'amurken ya ɗan yi nauyi a wasu wurare, har jitar ta fi kama da ta Amurka fiye da ta Abzin. A 2019 wani faifansa, Deran, ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar Grammy.

Na huɗu, Kaani na ƙungiyar Tal National ta Yamai, shi ne na rawa. Shugabansu Almeida, wanda ya kafa ƙungiyar a 2000, a lokacin alƙali ne da rana, makaɗin jita da dare. Akwai Zabarmawa a cikinsu, akwai Hausawa, Fulani da Abzinawa, kuma kalangu na nan yana zuba tsakanin jita da ganguna. Sun saba wasan awa biyar a dare guda, su kuma sayar da faya-fayansu da hannunsu a shataletalen Yamai. Wani injiniyan sauti daga Shikago, Jamie Carter, ya zo da kayan aikinsa ya ɗauke su a gida, kamfanin FatCat na Ingila ya fitar. Wanda ya saka Kaani a mota ya kula da ƙafarsa a kan totur.

Na biyar ya fi kowanne tsufa, kuma shi ne ya kamata ya hana furodusoshi barci. Mamman Sani, haifaffen Gana, uba ɗan Nijar, ya sayi wani fiyano na lantarki ƙirar Italiya a hannun wani abokin aikinsa ɗan Ruwanda. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai ya ɗauki kiɗa zalla, babu murya, yana juya waƙoƙin makiyaya da na mutanen hamada a kan maɓallai. Kaset kusan 100 kawai aka buga. Shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin wannan kiɗa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talbijin, yawancinsu ba su san ma wane ne mai shi ba. Da Kirkley bai ci karo da kwafi ɗaya a ma'adanar gidan tarihi na Yamai ba, da shi ke nan. Bayan shekara 35 aka sake buga shi da sunan La Musique Electronique du Niger, dattijon ya samu gayyatar wasa a Turai.

Kwafi ɗaya fa! To waƙoƙin finafinan Hausa na zamanin Sangaya da Wasila, da ɗaruruwan da suka biyo bayansu, ina ainihin kwafinsu yake? Kaset ɗin bidiyo ya mutu, sidi ya bi bayansa, situdiyo da yawa sun rufe, kwamfutocin da aka yi aikin a kansu sun daɗe da zama kayan gwangwan. Abin da ya rage shi ne wanda masu tura waƙa a waya suka kwafa daga kwafin kwafi, sautin ya dushe, an rubuta sunan jarumi a maimakon na mawaƙi, mai kiɗan kuwa ko oho. Ran da wani zai zo neman izinin buga ɗaya daga ciki da kuɗinsa a hannu, wa zai kira? Furodusan da ya biya kuɗin situdiyo, ko wanda ya rubuta baitin, ko wadda ta rera? Sahel Sounds ta ce tana neman masu waƙa ta raba riba da su, kuma dole sai an san sunan mutum kafin a neme shi.

Duk faya-fayan biyar suna nan a intanet ga mai data. Wanda kunnensa ya saba da nanaye ya fara da Anar na Sakkwato kafin ya shiga Afelan, zai ji inda aka haɗu da inda aka rabu. Na Mamman Sani kuma a bar shi sai dare ya yi tsaka, lokacin da maƙwabta suka kashe janareto.