Gwanjo Biyu, Gumi Ɗaya

Ranar kasuwar Mandouri, a tsakiyar hunturu, na ga wani yaro mai tura amalanke sanye da wata shuɗiyar riga mai dogon hannu, ƙirjinta da zanen farin ganye, bayanta da lamba. Na tambaye shi nawa ya saya, ya ce jaka ɗaya ta sefa. Rigar ƙungiyar ƙwallon gora na kan ƙanƙara ce ta birnin Toronto a Kanada. Yaron bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda ake sa wa ruwan leda. A dila ta zo, irin dilolin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Lome, a kwance su a kasuwar Hédzranawoé, sannan motoci su hauro da su Sokodé da Dapaong, har saura ya iso gare mu.

Hausa kalma ɗaya ta ba wa abu biyu. Tsofaffin tufafi gwanjo ne, cinikin wa-ya-fi-taya shi ma gwanjo ne. To ga ɗaya gwanjon. A shekarar 2010 an sayar da rigar da Paul Henderson ya sa lokacin da ya ci wa Kanada ƙwallon nasara a kan Tarayyar Sobiyet a 1972, a kan sama da dala miliyan ɗaya. A watan Yuni na 2022, rigar da Wayne Gretzky ya buga wasansa na ƙarshe da ita a ƙungiyar Edmonton Oilers a 1988 ta tashi a kan kusan dala miliyan ɗaya da rabi. A wannan kasuwa datti shi ne ado. Baƙin tabon sanda, ɗinkin da telan ƙungiya ya yi wa yagewa, duk suna ƙara farashi. Masu tantancewa kan ɗauko hotunan wasan su gwada tabo da tabo, don su tabbatar rigar ce.

Na ji masu cewa wannan wauta ce ta wanda kuɗi ya yi wa yawa. Ban wanke kasuwar ba. Rigar da dubban mutane suka yi wa sowa a fili ta koma akwatin mutum ɗaya, ya kulle ta yana jiran farashi ya hau, wannan ɓoye hatsi ne da wani suna. Amma kafin mu yi dariya, mu duba me ake saya. Yadin rigar Gretzky bai fi na rigar yaron nan wani abin kirki ba. Abin da ya raba su shaida ce: wa ya sa ta, wace rana, a wane fili, wa ya karɓa daga hannunsa. Wani ya zauna ya rubuta. A nan aka bar mu.

Ranar 13 ga Yuni, 2006, a Frankfurt ta Jamus, Mohamed Kader, haifaffen Sokodé, ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo. An ci mu biyu da ɗaya, amma har yau ita kaɗai ce ƙwallon da Togo ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya. Ina tambayar shugabannin ƙwallonmu: yaron Sokodé da aka haifa bayan wannan rana, ɗakin wa zai shiga ya ga rigar? Magoya bayan Semassi, ku da kuke alfahari da kofunan ƙungiyarku, wa kuka ɗora wa alhakin adana rigunan waɗanda suka ciyo su? Haka abin yake a ƙasar Hausa. Ɗan Anace ya adana mana sunan Shago a waƙa, to amma igiyar da 'yan damben zamaninsa suka naɗe hannu da ita, da warkin 'yan kokawa, mun bar wa gara.

Wani zai ce sadaka ta fi ajiya, a ba mai bukata riga ya rufe jikinsa. Gaskiya ne, kuma ban ce a tara kowane tsumma ba. Riga ɗaya cikin dubu nake magana a kai. Kuma mu ba baƙin wannan ilimi ba ne. Sarki ya tuɓe rigarsa ya ba makaɗi, makaɗin ba ya kai ta wurin tela a auna kamu nawa ce. Darajarta jikin da ta fito ne. Mun san darajar kwance tun kafin a kafa kamfanonin gwanjo na Amurka. Abin da ya gagare mu shi ne alƙalami da ma'aji.

In muka ci gaba da sakaci, ga yadda za ta kaya. Dillali zai zo da ɗan canji, ya bi gida gida wurin tsofaffin 'yan wasan da talauci ya kama, ya kwashe. Bayan shekaru jikokinmu za su nemi biza don su kalli abin kakanninsu ta bayan gilashi. An yi mana haka da takubba da riguna masu layu, kuma sau da yawa fatakenmu ne suka ɗauka suka kai.

Maganin ba ya bukatar miliyoyi. Ɗaki guda a filin wasa na Sokodé ko Dapaong, akwati mai hana ƙwari, da littafi da za a rubuta sunan ɗan wasa, ranar wasa, da sa hannun shaidu biyu. A sa doka cewa abin da ya shiga ɗakin na gari ne, ba ya sayuwa. Tsofaffin 'yan wasa suna nan da ransu, a je a roƙe su tun suna iya ba da labari da bakinsu.

Yaron amalanke zai sa rigarsa har ta mutu, a yi tsumman goge babur da ita, kuma babu laifi, tarihin wasu ne. Tamu nake jiye wa wannan makoma.